Rawar tsofaffin Matanzas da shekarar da Baba ya rasu

Mahaifina tela ne a kasuwar Funtuwa. Keken ɗinkinsa na ƙafa shi ya ciyar da mu, shi ya biya mana kuɗin makaranta, kuma a gindinsa na koyi sa maɓalli da kalmasa tun ban iya karatun boko sosai ba. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da yake yawan faɗa dai shi ne yana son ɗaya cikinmu ya zama likita, don ya gaji da ganin an kai mutum asibiti an dawo da gawa, ba a gaya wa kowa abin da ya kashe shi ba. Da na gama sakandare kuɗin jami'a ya gagara, na zauna shago ina taya shi. A 2007 Allah ya kawo gurbin karatun likitanci kyauta a ƙasar Kyuba. A gidanmu babu wanda ya san inda take, sai da Yaya ya aro taswira muka same ta can cikin teku, kudu da Amurka.

Makarantar da aka kai mu ita ce ELAM, wadda gwamnatin Fidel Castro ta buɗe a 1999 don 'ya'yan talakawa na ƙasashen waje, a wata tsohuwar makarantar sojan ruwa da ke bakin teku yamma da Havana. A lokacin masauki da abinci da littattafai duk kyauta ne, a kuma ba ka peso 100 a wata, abin da bai kai dala biyar ba. Kiran waya na 'yan mintoci zuwa gida yana iya cinye kuɗin watan gaba ɗaya, don haka sai saƙon imel, shi ma sai ka bi layi. Duk da haka shekarun farko ba su yi mini nauyi ba. Muna da yawa 'yan Afirka, akwai 'yan Nijeriya, akwai 'yan Nijar da Ghana masu jin Hausa. Lokacin babu masallaci a Havana, sai a 2015 aka buɗe, amma muna haɗuwa a wani ɗaki mu yi Juma'a. Idan an dafa naman alade a ɗakin cin abinci mu ɗauki shinkafa da wake mu wuce. Sifaniyancin aji kuwa na iya shi daidai cin jarrabawa.

A daminar 2010 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Arewa, ta kashe fiye da mutum 1,500 a Nijeriya. Cikin watan azumi ne. Baba ya kai azuminsa, ya sha ruwa, cikin dare ciki ya ɓaci, kafin azahar ta gobe ya cika. Ni kuwa ban sani ba sai da na samu layin kwamfuta bayan kwanaki, na buɗe saƙon Yaya mai layi biyu: "Sai haƙuri, Allah ya yi wa Baba rasuwa. Inna ta ce kada ka taso, ka tsaya ka gama abin da ya tura ka." An riga an yi sadakar uku. Ko da Inna ba ta hana ba, ina zan samu kuɗin jirgi? Muka taru mu 'yan kaɗan muka yi masa salla daga nesa, kowa ya dafa kafaɗata, aka watse.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san maganin. Na karanta shi, na rubuta shi a jarrabawa: ruwan gishiri da sukari tun da wuri, idan abin ya yi tsanani a ɗaura ruwa ta jijiya. Cutar da, idan an kula da ita yadda ya kamata, da wuya ta kashe mutum ɗaya cikin ɗari. Mutumin da ya tura ni ƙetaren teku in koyo wannan, shi ne ya mutu don ba kowa kusa da shi da ya sani. Kullum na kwanta sai lissafin ya dawo: da ina shago, da na gane alamun, da na sa an kai shi tun da asuba. Na san ajali ba ya jira, na san "da na sani" ƙofar Shaiɗan ce, amma sanin bai hana ni kwana ido biyu ba.

Ana cikin haka aka rarraba mu zuwa larduna don shekarar shiga asibiti. Ni aka tura ni Matanzas, garin gadoji da koguna, kimanin kilomita 100 gabas da Havana. Abokaina yawancinsu aka kai su wasu wurare. Bahaushe ɗaya ne kawai muka faɗo tare, wani Bakano, shi ma ɗakinsa daban.

A shekara ta uku ake koya wa ɗalibi yadda zai zauna gaban marar lafiya ya tambaye shi tarihin ciwonsa, ya duba shi, ya saurari ƙirjinsa. A nan asirina ya tonu. Sifaniyancin littafi daban, na bakin tsohon da ke kwance a gado daban. Mutanen Kyuba suna haɗiye ƙarshen kalma kamar mai cin tuwo da zafi, ga sauri, ga habaici da barkwanci a tsakiyar bayanin ciwo. Tsoho zai yi ta magana ina gyaɗa kai, in fito ban san ko ƙirji yake nufi ko ciki ba. Ga kuma zuciyata ba ta wurin. Duk dattijon da na gani a kan gado, ramammen hannunsa nake kallo maimakon in saurare shi. Na daina cin abinci sai abin da ba a rasa ba, wandona ya fara zamewa, na daina zuwa wurin Bakanon nan. Sallar ma ina yi ne don kada in bari. Yau na san sunan wannan hali ciwon damuwa, har ina rubuta wa wasu magani a kansa. A lokacin cewa nake gajiya ce. Ƙarshen shekara na faɗi jarrabawar gefen gado, aka ce in maimaita shekarar. Ban gaya wa gida ba sai da aka daɗe. Na yi ta tunanin tattara kayana in koma shago, abin da ya riƙe ni kawai shi ne ban san da wace fuska zan shiga ɗakin Inna ba.

A Kyuba, bisa tsarin da aka fara a 1984, kowace unguwa tana da ƙaramin ɗakin shan magani da likita ɗaya da nas ɗaya. Da safe su ga marasa lafiya, da rana su bi gida gida, kuma ana haɗa su da ɗalibai. A irin wannan zagaye na shiga gidan wata tsohuwa mai hawan jini, ta haura saba'in. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, tana cikin waɗanda suka shiga ƙauyuka a yaƙi da jahilci na 1961, kuma har lokacin ba ta iya jin kuskuren nahawu ta ƙyale. Ina auna ta tana gyara mini magana. Da na gama sai ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ɗana, wa ya mutu?" Ban gaya wa kowa a garin ba. Na zauna a kujerarta na ba ta labari da guntun Sifaniyancina, ita kuma ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ba ta ce komai ba, ta dai tashi ta dafa mini ƙwai. Tun daga ranar nake ce mata Kaka.

Da zan tafi ta ce tana da buƙata. Ranar Lahadi da yamma tsofaffin unguwa suna taruwa a gidan al'adu su yi rawar danzón, idonta kuma ya fara rauni, tana tsoron tsallaka titi ita kaɗai. In zo in raka ta. Daga baya na gane maƙwabta da yawa za su iya raka ta, ta dai san idan ta ce in zo don kaina ba zan zo ba.

Wanda ya ji an ce rawar Kyuba, hankalinsa zai tafi ga salsa, da matasa, da giya, da dare. Danzón wani abu ne daban, kuma Matanzas ce mahaifarsa. A nan wani mai busa ƙaho, Miguel Faílde, ya fara kaɗa shi a bainar jama'a ranar 1 ga Janairu 1879, kuma har yau shi ake kira rawar ƙasa. Da wani tsoho ya gaya mini cewa Faílde ɗin tela ne, da rana yana ɗinki da dare yana kiɗa, sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Kiɗan sarewa ne da goge irin na Turawa da piyano da ƙananan ganguna biyu, da wata gora mai tsage-tsage da ake gogawa da tsinke. Maza su sa farar riga mai aljihu huɗu da ake kira guayabera, mata su zo da mafici. Namiji ya riƙe hannun mace da hagunsa, damansa a bayanta, da tazara a tsakani. Takun ƙanana ne, ƙafa ba ta rabuwa da ƙasa sosai, har suna alfahari da cewa gwani yana iya gama rawarsa a kan tayil ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsayawar. Kiɗan yana da wata gabatarwa da ke dawowa a kai a kai, kuma duk lokacin da ta dawo sai kowa ya saki rawa. Mata su buɗe mafici suna fifita, a gaisa da na kusa, a tambayi jikoki, a yi gulmar farashin kasuwa. Gabatarwar na ƙarewa kowa ya koma kan taku a bugu ɗaya, ba wanda ya ba da umarni. Wato hirar ma cikin rawar take, an tanadar mata wurinta.

Da farko ban taka ba. Ina zuwa da abin awon jini a jaka, in zauna a gefe, tsofaffi su yi layi in auna su. A nan kunnena ya buɗe. A asibiti marar lafiya yana jin tsoro, ni ma ina jin tsoron malami, kowa a ɗaure. A nan kuwa tsohuwa za ta ba ni labarin ciwon gwiwarta tun daga ranar da ya fara, da abin da maƙwabciya ta ce ta shafa, in ce ban gane ba ta maimaita, sauran su yi dariya su ƙara nasu. Na koyi yadda suke faɗin jiri, da ƙwannafi, da nauyin ƙirji, kalmomin da babu su a littafi ko ɗaya. Kaka tana gefe tana gyara ni.

Maza sun yi ƙaranci a wurin, don matan sun fi su tsawon rai, kullum akwai tsofaffin da ke zaune suna jiran wanda zai miƙo hannu. Wata Lahadi Kaka ta zo da rigar mijinta marigayi a leda ta ce in gwada. Ta yi mini yawa. Na aro allura da zare na rage ta da hannuna a ɗaki, ina bin layukan ɗinkin yadda Baba ya koya mini, kuma a daren ne na fara yi masa kuka na gaske. Lahadin da ta biyo na sa rigar na taka.

Nan ne wurin da na san mai karatu zai ɗaga gira, kuma yana da gaskiya. Bakanon nan da ya ji, har ɗaki ya same ni. Ya ce, "Malam, wannan fa ba namu ba ne. Kiɗa, ga riƙe hannun matar da ba muharramarka ba. Me za ka ce wa Allah?" Ban yi masa musu ba, don abin da ya faɗa na san shi tun ina makarantar allo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi musafaha da mata ba. Akwai malaman Hanafiyya da Hambaliyya da suka sassauta game da tsohuwar da ba a jin sha'awarta, amma mazhabarmu ta Malikiyya ba ta sassauta ba, kuma maganar kiɗa ma tana nan daram. Ba na rubuta wannan don in halasta wa kowa komai, ni ba malami ba ne. Abin da na yi shi ne na kafa wa kaina iyaka: da rana kawai, da tsofaffin nan kawai, ba na zuwa inda ake shan giya, kuma magariba na yi na fita. Su ma sun san haka, har wani dattijo yakan nuna mini agogo idan rana ta yi ƙasa. Ko iyakar ta wadatar, Allah ne masani, kuma ina roƙonsa gafara. Abin da zan iya shaida a kai shi ne halin da nake ciki kafin in fara zuwa, da kuma cewa a duk garin nan, wurin nan ne kaɗai idan ban zo ba wani zai aiko a duba ko lafiya. Abokina bai yarda da ni ba har muka gama, bai kuma yanke ni ba. Shi ya riƙa tashina sahur a azumin da ya biyo.

Cikin masu rawar akwai wani dogon tsoho da ba ya kuskuren taku, shi ne yake gyara wa sababbi tsayuwa. Ya daɗe yana ce mini in daina kallon ƙafata, in saurari gorar nan, kafin in san cewa likita ne da ya yi shekaru yana koyar da darasin da na faɗi. Bai taɓa faɗa ba, wata tsohuwa ce ta tsegunta mini. Da na tambaye shi sai ya ce ai ya lura da yadda nake yi wa mutane tambaya a layin awo, ina saurin cafke amsa kafin mutum ya ƙarasa. Ya ce in riƙa zuwa gidansa ranar Asabar. A barandarsa yakan zama marar lafiya, ya ƙirƙiro ciwo, ya yi ta kewaye-kewaye da gangan, ni kuma in lalubo. Idan na katse shi sai ya yi shiru ya ƙi ci gaba. Bai karɓi ko sisi ba. Na tabbata da a farfajiyar asibiti na tare shi da takarda a hannu ina neman taimako, da abin da zan samu bai wuce nasiha ta minti biyu ba. Amma ya riga ya ga yadda nake riƙe hannun tsohuwa mai rawar jiki in kai ta kujera, ya yanke hukuncinsa a kaina tun kafin in san ko shi wane ne. Da na sake zama jarrabawar na wuce ba tare da wahala ba.

Kaka tana da 'ya likita, masaniyar yaɗuwar cututtuka, wadda ke cikin tawagar Kyuba a Haiti lokacin da amai da gudawa ta ɓarke can a Oktoban 2010. Da ta dawo hutu ta rako uwarta wurin rawa, a lokacin tsayawar nan Kaka ta jawo ni ta ce, "Ga ƙaninki, ki tambaye shi yadda babansa ya rasu." Na ji haushin Kaka a ranar. Amma matar ta zaunar da ni ta yi mini tambayoyi irin na aiki: daga ina gidanmu ke ɗiban ruwa, awa nawa tsakanin fara ciwon da rasuwar, wa ya wanke gawar, ko wani ya sake kamuwa a gidan. Ba wanda ya taɓa tambayata haka. Ta ce mini a Haiti ta ga mutanen da suka mutu a ƙofar tanti, da likitoci a tsaye a kansu, don mai azumi ko tsoho ruwan jikinsa yana ƙarewa cikin 'yan awoyi, kuma ko ina nan ba lalle ne in iya ba. Ba ta ce ba laifina ba ne don ta lallashe ni, lissafi ta yi mini, shi ya sa na yarda.

Ita ta koya mini aikin da nake ci da shi yau. Yadda ake tsara sansanin masu cutar, ƙofar shiga daban ta fita daban. Gadon da ake huda tsakiyarsa a sa bokiti a ƙasa don a auna ruwan da mutum ya zubar a mayar masa da daidai shi. Ruwan kulorin iri uku: 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na gado da daɓe, 2 na bayan gida da amai da gawa. Ta sa na rubuta ɗan bincike na gabatar a taron kimiyya na ɗalibai. Da cutar ta ɓulla a Manzanillo a 2012, karon farko a Kyuba cikin fiye da shekara ɗari, aka baza ɗalibai gida gida ana tambayar masu gudawa, ni na riga na san abin da nake nema.

Na gama a 2015 na dawo. Na zauna jarrabawar da hukumar likitoci ta Nijeriya ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje, na yi aikin horo, na yi bautar ƙasa. Da na nemi gurbin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, takardun shaida biyu da na haɗa, ɗaya ta dogon tsohon nan ce, ɗaya ta 'yar Kaka. Sai da na zauna da Inna na ba ta labarin duka, har da rawar, ina jiran faɗa. Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko tsohuwar tana da mai yi mata wanki. Ta sa aka sayo atamfa da turaren wuta, muka ba wani ɗalibi mai komawa ya kai mata. Yaya kuwa har yau idan zancen ya taso sai ya ce Allah ya shirye ni, in ce amin.

Tun da na dawo ban sake takawa ba. Babu wurin yi a nan, ban kuma nema ba, na yi aure, matata ta san labarin tun kafin a ɗaura. Kaka ta rasu 'yan shekaru bayan dawowata, dogon tsohon ma ya bi ta. Amma tun da aka fara samun intanet a wayoyin hannu a Kyuba a ƙarshen 2018, ni da 'yarta ba mu yanke ba, saƙon murya muke yi ta WhatsApp, tana kirana ƙaninta.

A 2021 cutar ta dawo Nijeriya da ƙarfi, fiye da mutum 100,000 ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa. Aka ba ni kula da wani sansani a wata ƙaramar hukuma. Na zana tsarin wurin a takarda na ɗauki hoto na tura wa 'yar Kaka cikin dare. Kafin asuba ta amsa: wurin wanke gawa ya yi kusa da tankin ruwa, in matsar da shi, in kuma sa mutum ɗaya a ƙofa wanda ba shi da wani aiki sai fesa ƙafafun masu fita. Muka gyara da safe. Alƙaluman da na tara a sansanin suna nan a kwamfutata, mun yi alkawarin rubuta su tare mu aika wa mujallar likitoci, ita ta gama nata ɓangaren tun bara, kuma duk saƙon da ta turo yanzu sai ta tambayi ina nawa.